Allura Biyu a Safiya Ɗaya

Na yi shekaru ina tuƙa manya a ma'aikata ban taɓa buge ko akuya ba. Sai da na yi ritaya na kusa kashe mage a tsakar gidana, da hannuna, kuma wai da niyyar alheri. Da ana goge rana, wannan zan goge. Allurar da na yi mata tana damuna, amma shirun da na yi bayanta ya fi.

Magen ta 'yata ce ta fari, wadda ke aiki a wata hukumar gwamnati, tana zaune a Gwarinpa cikin Abuja. Da aka tura ta kwas ƙasar waje, sai ta kawo mana ita Lugbe cikin kwando mai ƙofa, ta ce magen ciwon suga gare ta. Ta zazzage kaya a kan tabarma: kwalbar insulin da ba ta kwana sai a firij, ƙananan sirinji, da na'urar gwaji wadda ake tsira wa magen tsinke a gefen kunne a ɗiga mata jini. Allura safe da yamma, kuma sai ta ci abinci tukuna.

Na ce, "Mage da ciwon suga? A garinmu mage ɓera take ci ta kwana lafiya."

Ta ce, "Baba, don Allah ka zauna ka ji. Akwai abu ɗaya mai muhimmanci."

Na kaɗe riga na ce uwarta ta ji, ni ban yi ritaya don in zama nas ɗin kyanwa ba. Na fita majalisarmu ta bakin shagon mai shayi, na ba da labari aka yi ta dariya, har na cika baki cewa hannuna ba zai taɓa wannan dabba ba.

To, ita magen ba ta san na cika baki ba. Duk gidan ni ta zaɓa. In na shimfiɗa darduma ta zo ta kwanta a gefe, in na ɗauki rediyo ta hau cinyata. Nakan duba hagu da dama, in babu kowa in sosa mata wuya. Da safe kuwa in Hajiya, matata, tana aikinta, sai in fake da neman tasha ina satar kallo: yadda take murza kwalbar a tafin hannu, inda take tsayar da ruwan a jikin sirinji, yadda take ɗaga fatar ƙeya ta soka. Na haddace komai, ban taɓa tambaya ba.

Wata Asabar na dawo daga zagayen safe na tarar Hajiya ta tafi gidan suna a maƙwabta. Kwanon magen a lashe, ita kuma tana bin ƙafata da kuka. Sai raina ya ba ni cewa saurin biki ya sa an manta da ita. Waya tana aljihuna. Amma in na kira na ce, "Kin yi wa magen allura?" ai na tona kaina. Na ga gara in yi abina a ɓoye. Na ja ruwa daidai layin da nake gani, na soka, ko motsi ba ta yi ba. Har na yaba wa kaina, na ce ashe likita aka rasa. Na jefa sirinjin a robar da ake tara su, ban ko duba ko akwai na safiyar nan a ciki ba.

Kafin azahar na ga tana tafiya kamar mota mai lalataccen sitiyari. Ta bugi ƙafar kujera, ta faɗi, jikinta na rawa. Ana haka Hajiya ta shigo. Ta yar da gyale, ta ɗauko na'ura ta tsira mata a kunne, da ta ga lambar sai ta yi salati. Ta lakato zuma ta goga mata a dasashi, ta ce, "Alhaji, nemo mota!"

Ni da na rantse, ni na ɗauke ta cikin babbar rigata. Kuma hanyar titi dole ta gaban majalisa take. Wani abokina ya ɗaga murya ya ce, "Oga nas, ina zuwa da majinyaciya?" Ni dai gudu nake da silifas wari da wari.

Likitan dabbobi ya sa mata ruwa, ya ce sugan ne ya faɗi warwas, ya tambayi nawa aka ba ta. Hajiya ta faɗa. Ya ce wannan bai isa ya yi haka ba, ko dai an wuce layi? Ta ce wataƙila idonta ne, da ma ta bar tabarau a ɗaki tana sauri. Ina tsaye a bayanta, da gashin mage a ƙirjina, na kama kallon silin.

Magen ta kwana a can. Hajiya ba ta ci tuwo ba. Sai faɗi take, amana aka ba ta ta kasa. Ni kuwa na ci nawa, har da ba ta haƙuri, ina cewa kowa yana kuskure. Ku ji tsohon banza.

Washegari da hantsi ta ɗauki waya za ta gaya wa yarinyar, ta ce gara a nemi wani mai ido ya karɓi magen. Ta fara neman lambar. Nan ne bakina ya buɗe.

Na ce, "Ajiye wayar. Ba idonki ba ne. Ni na ƙara mata."

Ta sauke wayar. Ta ce, "Kai? Ba kai ne hannunka ba zai taɓa ta ba?"

"Na zaci kin manta."

"To wayarka kuɗi ne babu, ko baki?"

Ta kira lambar ta miƙo mini. Yarinyar ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Baba, abin da na so in gaya maka ke nan ranar da ka fita. In ana shakka, a bari. A tsallake allura ɗaya ya fi a yi biyu."

Magen ta dawo gida, ta ƙara shekaru. Daga baya Hajiya ta bar mini allurar yamma, da sharaɗin in tsaya gabanta in tambaya da baki. A majalisa kuwa har yau Oga nas ake kirana, kuma ina amsawa. Amma wunin da na bar baiwar Allah tana zargin idonta, shi ban da abin dariya a kansa.

Don haka ina roƙonku, wanda duk ke da majinyaci a gida, mai ƙafa biyu ko huɗu, kada ya soka allura bai tambayi na kusa da shi ba. In kuma ya riga ya yi irin tawa, ya faɗa tun a gaban likita.