Muttaka da Yarinya Mai Suna Biyu

Muttaka ɗan Gummi ne, ɗan mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Ya tashi cikin ƙaurin waya da muryoyin tashoshi masu nisa, ya yi difloma a kan kwamfuta a Gusau, sannan aiki ya kawo shi Anka a shekarar 2012. A lokacin gubar dalma ta riga ta ci yara da yawa a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinari, ana ta faman ceton waɗanda suka rage. Wata ƙungiya ta buɗe ɗakin shan magani domin yaran, ta ɗauke shi ya kula da kwamfutoci. A takarda wannan ne aikinsa. A zahiri duk abin da ke da waya a jikinsa nasa ne, daga janareto zuwa firij ɗin ajiye jini, har fankar ɗakin jira. Dogo ne siriri, yana tafiya a ɗan sunkuye kamar mai neman abin da ya faɗi. Ma'aikata suna kiransa Injiniya, rabi girmamawa rabi tsokana.

Sunan kowane yaro da sakamakon gwajin jininsa suna cikin wata manhaja da wani kamfani ya rubuta a Abuja. Muttaka bai taɓa ganin masu rubutun ba, su ma ba su taɓa taka Anka ba. Duk bayan wata uku sukan turo sabuwa, shaƙe da canje-canje, galibi ranar Juma'a da yamma, su tafi hutunsu. Shi kuwa ya wayi gari Litinin da mata sittin a layi goye da yara, kwamfuta tana ta juyi tana neman sabis ɗin da a Anka yakan zo ya tafi kamar hadarin da bai yi niyyar zuba ba. Idan abu ya lalace ba shi da ikon gyarawa. Sai ya cika fom, fom ya je Gusau, Gusau ta tura Abuja, Abuja ta ce a jira zubi na gaba na manhajar.

Abin da Muttaka yake so ba mai yawa ba ne, ya kuma faɗe shi har bakinsa ya gaji. Yana so masu rubuta manhajar da masu aiki da ita su zama ƙungiya guda. A riƙa yin gyara kaɗan-kaɗan duk mako, a gwada shi a kwamfuta ɗaya a Anka kafin a baza, idan ya ƙi a janye shi a ranar. Kuma mutum ɗaya daga cikin masu rubutun ya zo ya zauna a kan bencin rajista ko na mako biyu, ya ji abin da mata ke faɗa da abin da ba sa faɗa. Mahaifinsa, in ji shi, bai taɓa mayar wa mutum rediyo ba sai ya kunna ta a gabansa sun ji labarai tare.

Gyara na farko da ya nema ƙarami ne. Manhajar gurbi ɗaya gare ta na sunan yaro, ɗaya na sunan uba. Ya roƙi a ƙara gurbin sunan da ake kiran yaro da shi a gida, da laƙabin uban, da sunan uwa. Wata goma sha ɗaya fom ɗin yana tafiya bai iso ba.

Ana cikin haka, a damina, sakamakon wani gwaji da aka yi a Abare ya dawo. Suna ɗaya ya fito da ja: Maimunatu Sa'idu, shekara uku. Dalmar da ke jininta ta kai matakin da likita ya ce a fara mata magani cikin makon, in ba haka ba tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Ubanta ne ya kawo ta ranar gwajin, shi aka ba katin. Aka tura Lirwanu, mai bin sawun yara a kan babur, ya nemo ta.

Ya dawo da la'asar, laka har gwiwa.

"Injiniya, kwamhutarka ta faɗi ƙarya," ya ce, yana zazzage takalmi. "Sa'idu huɗu na iske Abare. Guda tsoho na, guda bai ko yi aure ba, biyun ɗiyansu duk maza. Na tambayi mai gari, na tambayi mata bakin rijiya. Babu wanda yas san wata Maimunatu."

"Ka koma gobe."

"In koma in ce mi? In yi shela?"

Ya koma, har sau uku. Ya je Dareta ma, ko an yi kuskuren gari. Kowace safiya Muttaka ya kunna kwamfuta sunan nan ne a saman jerin waɗanda ba a samu ba, da adadin kwanaki a gefensa, yana ƙaruwa ɗaya-ɗaya. Tara. Goma sha shida. Ya san yarinyar tana nan wani wuri tana wasa a ƙasa, ya kuma san dalilin ɓatanta, ko da bai san ƙofar gidansu ba. A wannan ƙasa sunan yanka ranar suna ake jin sa, liman ya faɗa, maroƙi ya maimaita, daga nan a naɗe shi a ajiye.

A rana ta ashirin da biyu ya hau mota zuwa Gusau, inda shugabannin aikin ke taron wata. Ya sa rigarsa ta Juma'a. Hajiya Asma ce shugaba, mutuniyar Kano, mace mai kirki wadda aiki ya yi wa yawa. Kusa da ita Malam Haris, wanda shi ke tsakanin ƙungiyar da kamfanin Abuja. Aka ba Muttaka minti goma a ƙarshe, bayan maganar tayoyin mota.

"Ranki shi daɗe," ya ce, "akwai ɗiyar da muke nema yau kwana ashirin da biyu. Ba ɓacewa tay yi ba. Sunan da muke kira ne ba shi ne sunan da take amsawa ba. Na nemi gurbi guda tun bara."

"Yana cikin jerin gyare-gyare," in ji Malam Haris, bai ɗago daga wayarsa ba. "Lamba ta talatin da ɗaya. Zubin Oktoba."

"Malam, na yi waya da ɗaya daga cikin masu rubutun, da kuɗin katina. Ya ce aikin rabin yini ne."

Nan Malam Haris ya ɗago. "Wa ya ba ka lambarsa?"

"Shi yas sa ta ƙasan wata wasiƙa."

"Ka ga irinta ko, Hajiya? Idan kowane mai kula da janareto zai riƙa kiran Abuja yana cewa a taɓa nan a taɓa can, gobe abu ya rushe, wa za a kama? An raba aikin ne da gangan. Su su rubuta, mu mu yi amfani."

"Yanzu ma rushewa yake, Malam," in ji Muttaka. "Duk wata ukku. Ni ake kamawa. Da suna turo gyara guda duk mako, in ya ɓaci mun san wanne ne. In sun turo arba'in tare, ko su ba su sani ba. A turo mana mutum guda, shi zauna kusa da ni, ni in koyi nashi, shi shi ga namu. Ɗakina akwai katifa biyu."

Wani ya yi dariya a ƙarshen tebur. "Ɗan Abuja a Anka? Sai dai ka haɗa masa da na'urar sanyaya ɗaki."

Hajiya Asma ba ta yi dariya ba. Ta cire tabarau ta murza ido. "Muttaka, na ji ka, kuma ban ce ba ka da gaskiya ba. Amma yarjejeniyarmu da su ba ta ce haka ba, canza ta kuma ba a hannuna yake ba. Ka rubuto shawarar a shafi biyu, da Turanci, in kai ta sama. Yarinyar kuma a ci gaba da nema."

"Na rubuto a watan Maris, Hajiya."

"To sake turowa."

Ya fito ya tsaya a bakin titi, shafukan da ya zo da su a naɗe a hannu, ba wanda ya karɓa. A mota kan hanyar komawa gero ya yi kore shar hagu da dama, ya kai ƙugu, ƙasa tana ta murna da ruwanta. Shi ko kallo bai yi ba.

Rana ta talatin da huɗu, da hantsi, aka shigo da wata yarinya a guje. Jikinta ya sandare, idanunta sun juye. Uwar, wata matashiya mai suna Lubabatu, tana biye ba mayafi, maƙwabciyarta Tasalla, dattijuwa, tana riƙe da hannunta. Sista Hamida, babbar nas, ta karɓi yarinyar ta yi ciki da ita, tana kiran Muttaka ya buɗo bayananta.

"Sunanta?"

"Atine," in ji uwar.

"Uban?"

Ta sunkuyar da kai. "Dodo aka ce mishi."

Ya buga, sunan ya fito nan take. Atine Dodo, Abare. Sau biyu an kawo ta cikin watan nan da zazzaɓi da amai, an ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro, an sa ta cikin waɗanda za a gwada jininsu a zagaye na gaba. Shi da kansa ya yi mata rajista a zuwan farko, ya tuna ma ta miƙa hannu tana son taɓa allon. A wancan zuwan uwar ta ce ba su da kati, ya buɗe mata sabon shafi, kamar yadda manhajar ta tanada.

Hannunsa ya tsaya a kan madannai.

"Baiwar Allah," ya ce a hankali, "Atine sunan rana ne. Mi ne sunanta na yanka?"

Lubabatu ta ja bakin zane ta rufe baki. Ɗiyarta tana ciki tsakanin rai da mutuwa, amma harshenta ya ƙi ɗaukar sunan, kamar yadda bai taɓa ɗauka ba tun ranar da aka raɗa shi.

Tasalla ce ta amsa, da faɗa. "Kai ɗan nan, kana da hankali? Ɗiyar fari ta, kuma sunan uwar mijinta aka sa mata. Ta ya za ta faɗi? Maimunatu ta. Ubanta sunanshi Sa'idu, baƙo na, daga gabas yaz zo haƙa, shi anka yi wa laƙabi Dodo don girman jiki. Yana can ramukan wajen Bukkuyum tun farkon ruwa."

"Inna, mun aiko Abare har sau huɗu."

"Kun aiko neman wa? Ni kaina sai da nay yi tunani kahin in tuna."

Katin yana aljihun uban. Shi ya faɗi sunan da ya san hukuma na so, ita ta faɗi wanda bakinta zai iya. Babu wanda ya yi ƙarya. Muttaka ya miƙe ya leƙa ɗakin da ake fama da yarinyar, ya ce, "Sista, ita ce. Ta saman jerin." Sista Hamida ta dube shi daƙiƙa ɗaya, ta juya ta kira likita.

Atine ta rayu. An fara mata maganin a ranar, ta yi kusan mako uku a kwance, uwarta na gefen gado tana yi mata fifita da marfin kwali. Tasalla ta ce kafin ciwon yarinyar baki gare ta kamar kanari, har awakin gidan ta raɗa wa suna. Da aka sallame ta tana tafiya tana jan ƙafar hagu, kuma kalma biyu kawai take faɗa, Inna da ruwa. Likita ya ce wasu yaran sukan farfaɗo da yawa a hankali, wasu kaɗan. Bai ce da an same ta a makon farko da ba haka ba. Ba wanda ya tambaye shi.

Ranar sallamar Muttaka ya zauna zai haɗe shafukan biyu su zama na mutum ɗaya, don duk wanda ya buɗe Atine nan gaba ya ga jan da ke kan Maimunatu. Manhajar ta ce ba shi da izini. Wannan aikin na Abuja ne. Ya ɗauko fom ya cika, ya rubuta sunayen biyu, ya ja layi a ƙarƙashin kowanne. Sannan ya samo farar takarda ya rubuta da babban baƙi cewa Atine Dodo ita ce Maimunatu Sa'idu, a duba jininta duk zuwa, ya manna a bangon da ke bayan teburin rajista, daidai inda idon mai zama zai sauka.

Lubabatu ta tsaya a ƙofa da yarinyar a goye, ta yi masa godiya ba tare da ta ɗago ido ba. Ya ce ta dawo da ita bayan mako biyu, ko da kati ko babu. Ta ce to. Tasalla ta tsayar da mai babur, suka hau su uku, suka nufi Abare kafin ruwa ya sauko.