Yana Ba Ta Kunu Ba

Na dawo Yamai shekara biyu bayan samun 'yancin kai, na tarar da yayana, tela a Gaweye, yana lalube ramin allura kamar mai neman ƙuma a gemu. Idonsa na dama ya yi fari. Na hagu ma ya soma, har in rana ta haska kogi sai ya kau da kai. Da keken ɗinkinsa yake ciyar da gida.

A Khartum na ji Larabawa suna ce wa ciwon nan farin ruwa. Faransawa kuwa sunan da suke ba ruwa mai zubowa daga dutse suka ba shi. Kowa da shirmensa, amma namu ya fi ɓarna. Mun ce masa yana, sai mutane suka ɗauka irin ta saman kunu ce, a sa cokali a yaye. Yaya ya zuba kwalli, ya zuba zuma, har da garin sukari wai ya kankare ta. Na gaya masa abin da wani likita ya nuna mini a Accra: ba a bisa take ba, ƙwayar da ke cikin idon ce ta gurɓace, sai an fiddo ta a sa tabarau.

"Mushe," in ji shi, don haka yake kirana, wato malam da Faransanci, "ka sha ruwan ƙasashe har ka manta Hausa. Abin da ke ciki ana ce masa yana?"

Ya tafi Saga wurin wani mai allura, mai maganin ido na gargajiya, da ya sauka can. Mutumin ya soki idon dama, ya tura ƙwayar ta faɗa ciki. Haske ya shigo. Kwana huɗu yaya yana zaune ƙofar shago yana ƙirga wa maƙwabta kwalekwale, yana tambaya ko Mushe ya iso. Rana ta biyar idon ya yi ja, ya kumbura. Kafin a tafi neman mai allura, ya haye kogi.

Idon bai sake ganin ko fitila ba. Na hagu ni na kai shi likita, yana zagina duk tsawon hanya. Aka fiddo ƙwayar, aka ba shi tabarau mai kaurin gindin kwalba. Ya koma kan keke, amma aikin wuyan riga ya fi ƙarfinsa, sai wando da faci. Har ya rasu yana cewa mai allura gwani ne, iska ce ta shiga idon.