Gwaggon da ke Cikin Littafin Baba Sito

Duk wanda ya zauna a tabarmar Baba Sito ya san ba ya juya shafi da yatsa. Gashin zabo gare shi, ɗaya tal, a soke a gefen hula. In ya kai ƙarshen shafi sai ya zaro shi, ya ɗaga takardar a hankali kamar mai duba gyambo, ya leƙa abin da ke gaba shi kaɗai, ya gyaɗa kai, ya rufe littafin.

"Baba, a ƙara mana ko layi biyu mana."

"Littafi rumbu ne, Lawwali. Dami ɗaya ake cirowa. Mai yaye wa rumbu kai, shi ke cin tafasa da damina."

Ni ne Lawwalin, mai faci a bakin hanyar Zango, kuma lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba. Shi kuwa tsohon mai kula da sito ne a wata makaranta, can ya tsinci Turancinsa da sunansa. A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a aka rufe gidan kallon unguwarmu, sai muka koma gindin darbejiyarsa bayan la'asar, yana duba Turanci yana zuba mana Hausa.

Littafin ma a Sandamu ya samo shi, an tokare ƙafar teburin mai shayi da shi. Baba ya durƙusa ya leƙa, ya ce a ba shi. Mai shayi ya ce teburinsa zai karkace. Baba bai yi musu ba. Ya tafi ya dawo da dutse, aka gwada, ya yi tsawo. Ya koma ya kawo wani, ya gaza. Haka ya yini yana jido, har mai shayi ya ce, "Don Allah ɗauki, tsoho, kafin ka gina mini masallaci."

Wata Baturiya ce ta rubuta shi tun zamanin Sarauniya Biktoriya. Baba ya kai sunanta wajen duk wani malamin boko da ya sani a Daura, ba wanda ya taɓa jin ta. Ya dawo ransa a ɓace.

"Danginta ma sun manta da ita," in ji shi. "To, mu ne danginta yanzu. Ku gyara zama."

Labarin wata yarinya ce mai ɗinki, saurayinta ya shiga jirgin ruwa, shekaru ba labari. Baba ya ce sunayensu na karya haƙori, ya raɗa musu Ladi da Tanko. Abin da ya hana mu barci ɗaya ne: Tanko zai dawo ko ba zai dawo ba?

Ranar da uban Ladi ya rasu, Baba ya rufe littafi ya ce ba karatu sai an share makoki. Ya zauna a zaure fuska a murtuke. Alhaji Mudi dillalin shanu ya iso daga Baure ya tarar da mu jugum, ya tuɓe takalmi, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce, "Wa aka rasa?"

"Uban Ladi."

"Allah ya jiƙansa. Wace Ladin?"

"Ta Ingila."

Alhaji Mudi ya nemi a mayar masa da addu'arsa. Baba ya ce ta riga ta tafi.

Sai kuma ranar Sani ɗan maƙwabcinmu, matashi mai zafin wa'azi. Ya tsaya a kanmu daidai inda wani attajiri mai neman Ladi ya shiga ɗaki ya same ta.

"Baba, su biyu a ɗaki? Ina muharraminta?"

In Sani ya ɗaga magana ba ta sauka nan kusa. Baba ya gyara tabarau, ya kai hanci jikin takarda.

"Af, ga gwaggonta nan a lungu tana kaɗi. Ban kai wajen ba ne."

Sani ya zauna don ya tabbatar. Bai sake fashi ba.

Daga ranar Gwaggo ta zama tamu. Ba ta da haƙori amma ba ta rasa magana. Ita ce ta ce wa attajirin gemunsa kamar tsintsiyar da ta share kasuwa. Ta tsani mai tofar da goro kusa da tabarma, ta tsani mai zuwa a makare, har ta taɓa cewa mai faci da ba ya wanke hannu bai kamata ya zauna kusa da littafi ba. Na dubi hannuna na ce, "Baba, a Ingila ma akwai masu faci?"

"Gwaggo ta yi yawo," in ji shi.

Da aka zo babin ƙarshe, wani jirgi ya bayyana a bakin teku, Ladi ta fito da gudu. Baba ya soke gashin zabo a hula.

"Nan na tsaya."

Muka yi roƙo, muka yi fushi. Ya nuna ni da haɓa.

"Na goyo ka tun daga Sandamu har ƙofar gida. Ƙato da kai, shiga da ƙafarka. An buɗe ajin yaƙi da jahilci a firamare."

Na ɗauka wasa ne. Sauran suka gaji suka watse. Ni na sayi allo da fensir, na zauna a bencin yara gwiwata na taɓa haɓata. Kullum in na wuce sai Baba ya ce, "Ina aka kai?" In ce, "Ba, bi, bu." Ya ce, "Madalla. Jirgi na jira, ba ya nitsewa."

Ina cikin haɗa baƙin Hausa, ban ko shiga Turanci ba, ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Iyalinsa suka aiko mini da littafin, gashin zabon na ciki daidai inda ya tsaya.

Malaminmu ya ce in kawo ya karanta mini a zama ɗaya. Na gode masa na ƙi. Na fara daga farko, ni da ƙamus, shekara da shekaru, dami ɗaya a rana. Na wuce rasuwar uban Ladi. Na iso ɗakin da attajiri ya shiga, na duba lungu. Ba kowa. Na ce ko Turancina ne bai kai ba, na sake bi da yatsa. Na bi babi bayan babi ina neman Gwaggo, har na daina.

Bara da kaka na shiga ƙofar da Baba ya ajiye ni. Tanko ya dawo, jama'a. Ya rame, ya yi furfura, amma ya dawo. Suka tsaya su biyu a ɗaki suna kallon juna, na jira a ce musu wani abu game da gemu, ba wanda ya ce. Na rufe littafin na miƙe zan kai labari, sai da na kai gindin darbejiya na tuna.

Ita Baturiyar ta iya labari, Allah ya sani. Amma ɗakunanta sun yi mini shiru.

Allah ya jiƙan Baba Sito, ya yalwata kabarinsa, ya ba shi littafinsa a hannun dama. Kada ya bar shi shi kaɗai a ɗakin nan, kamar yadda bai bar Ladi ba.