Antin Laraba Ta Ajiye Aiki

Kafin ɗalibi na farko ya hawo bene, ta riga ta buɗe ɗakin kwamfutoci. Takan fara da tagogi, sannan ta bi layi-layi tana kunna na'urori, tana zaro ledar alewa da murfin biro daga ƙarƙashin tebura. Wadda ta ƙi tashi sai ta juya fuskarta bango don mai gyara ya gane. Daga nan ta zauna a kujerarta ta bakin ƙofa, wadda aka ɗaure wa ƙafa ɗaya da tsohuwar waya, tana kallon mai shiga da mai fita. Aikin da jami'a ta ɗauke ta ke nan, kula da ɗakin kwamfutoci na sashenmu. Shi ta yi sama da shekara ashirin, shi kuma ta ajiye a ƙarshen zangon da ya wuce.

Ni malami ne a sashen, ofishina yana kallon ƙofarta. Abin da zan faɗa a nan, ko dai na gani da idona, ko na ji daga bakin waɗanda aka yi a gabansu.

Ɗalibai Antin Laraba suke ce mata, domin ran Laraba da yamma ƙungiyar ɗaliban kwamfuta take taronta, kuma ba a taɓa yin taron babu ita ba. Kowace shekara akan zaɓi sababbin shugabanni, su zo da manyan alkawura, su gama karatu su wuce. Ita ce ba ta wucewa. Ita ke aro majigi daga sashen maƙwabta, ita ke sa a jera kujeru, ita ta san soket ɗin da ke ba da wuta da wanda ke ƙona caja. Ranar tarbar sababbin ɗalibai, ko gasar rubuta manhaja, ko wasan ƙwallon malamai da ɗalibai da kullum mu ake lallasawa, da flas biyu na shayi take zuwa daga gidanta. Maigidanta, tsohon direba, yakan ce flas ɗin gidansu ya fi shi zuwa jami'a, saura kawai a ba shi digiri. Babu ko ɗaya cikin wannan da ke cikin aikinta, ba a kuma taɓa ƙara mata matsayi saboda shi ba.

Babban abin da ta riƙe shi ne nemo baƙin da za su yi wa ɗalibai bayanin duniyar aiki. Ba ta bin manyan mutane. Tsofaffin ɗalibanmu take kira, kuma ba ta iya lallashi ba. Na taɓa jin ta tana ce wa wani a waya, "Kai da nake tashinka daga barci a kan kwamfuta, yau ka fi ƙarfin ka zo ka yi wa ƙannenka magana? Laraba nake son ganinka." Ya zo kuwa, har da kwat. Takan kawo wanda ya samu babban kamfani, ta kawo wadda ta buɗe shagon gyara, ta kawo wanda aka sallama daga aiki ya faɗi yadda aka yi. Ba kowa ke jin daɗinta ba. Bakinta na da kaifi, kuma shugabannin ƙungiya da yawa sun yi fushi da ita sun huce.

Akwai wani ɗalibi da ake kira Ɗan Lungu, saboda kullum kwamfutar ƙarshen ɗaki yake zama. A ajinsu babu wanda ya kai shi iya rubuta manhaja, amma yana da in'ina mai tsanani, sai a yi mako ba a ji muryarsa ba. A shekararsa ta ƙarshe ya je intabiyun neman aiki. Bai gama faɗin abin da ya karanta ba, ɗaya daga cikin masu tambayar ya dubi agogo ya ce sun gode. Da ya dawo ya shaida wa Anti cewa ya haƙura, zai koma shagon kawunsa na kayan mota, ko aikin kammala digirin ba zai ƙarasa ba.

Ba ta ba shi haƙuri ba. Shugaban ƙungiya ta kira, ta ce daga yanzu Ɗan Lungu ne zai riƙa gabatar da baƙo.

"Haba Anti," in ji shugaban, "ai sai magariba ta yi bai gama sallama ba."

"To sai mu jira magaribar. Ina za ku?"

Larabar farko ba ta yi kyau ba. Ɗan Lungu ya riƙe makirfo, ya maƙale a kan sunan baƙon, gumi ya jiƙa masa riga. Wasu a baya suka fara ƙyalƙyala dariya. Anti ta tashi daga bakin ƙofa, ta taka har layinsu, ta tsaya a kansu ta harɗe hannu. Ɗakin ya yi tsit, shi kuwa ya ja maganarsa da ƙyar har ya kai ƙarshe.

Bayan an watse ya same ta tana naɗe waya, idonsa jawur.

"Anti, kin to-tozarta ni."

"Na sani, ɗana," ta ce. "Mako mai zuwa mace ce baƙuwar. Ka je ka yi ta maimaita sunanta a gaban madubi."

Ni kaina na gaya mata abin ya yi tsauri. Ta saurare ni har na gama, ta ce ta ji, ba ta kuma canja komai ba. Har yau ban tabbata hanyar da ta bi za ta yi wa kowa ba. Da wani aka yi wa haka, da bai sake taka benen nan ba. Shi dai ya dawo. Ya gabatar da baƙuwar, ya gabatar da na bayanta, haka har zangon ya kusa ƙarewa. In'inar ba ta tafi ba. Abin da ya tafi shi ne sunkuyar da kai, ɗalibai kuma suka koyi jira.

Cikin baƙin ƙarshe akwai wata tsohuwar ɗalibarmu, shugabar masu rubuta manhaja a wani kamfani da ke yi wa asibitoci aiki. Da aka tashi, Anti ta riƙo mayafinta ta ja ta zuwa kwamfutar lungu, ta ce wa Ɗan Lungu ya nuna mata abin da yake ƙerawa. Manhaja ce da ke gano kwamfutar da ta kusa lalacewa tun kafin ta mutu. Baƙuwar ta ja kujera ta zauna, ta yi ta jefa masa tambayoyi, yana amsawa a hankali, ba ta katse shi ba ko sau ɗaya. Da za ta tafi ta ce, "Ka gama karatunka ka zo intabiyu. Mu a wajenmu ba a duba agogo."

Ya gama, ya je, suka ɗauke shi. Bara ya dawo a matsayin baƙo. Ya daɗe yana magana, ya maƙale a wurare da dama, babu wanda ya tashi. Kawunsa ma ya zo, ya zauna a layin gaba da hularsa a gwiwa.

Anti, ke ce kika ɗauki abin da ba a ɗora miki ba, kika riƙe shi kamar da shi aka ɗauke ki aiki. Ke ce gatan mai jin nauyin baki. Mu muna koyarwa mu ba da maki mu shige ofis, ke kuwa kina tsaye a ƙofa kina lura da wanda ya daina zuwa. Ɗaliban da suka samu hanya ta dalilinki sun watsu a kamfanoni da makarantu da shaguna, wasunsu ba su ma san ke kika yi kiran da ya kawo wanda ya ɗauke su ba. A madadinsu, da madadin sashen da bai taɓa gode miki a bainar jama'a ba, mun gode. Allah ya ba ki lafiya da hutu mai daɗi, ya sa jikokinki su samu mai tsaya musu yadda kika tsaya wa 'ya'yan wasu.

Jami'a za ta kawo wanda zai kula da kwamfutoci, wannan ba abin damuwa ba ne. Taron Laraba kuwa babu wanda za a turo masa. Ya rage ga malamai irina, da tsofaffin ɗalibai da suka ci moriyarsa, kowa ya ɗauki abin da zai iya: wani ya buɗe ɗaki, wani ya nemo baƙo, wani ya zo da kansa ya faɗi gaskiyar abin da ya tarar a waje.

Ranar da za ta tafi, sabuwar shugabar ƙungiya ta biyo ta har ƙasan bene tana tambayar ko akwai wata shawara. Maigidan yana jira a mota, ya riga ya danna oda. Anti ta ɗan tsaya, ta ce, "Idan baƙo ya gama magana, kada ki raka shi da kanki. Ki duba wanda bai yi tambaya ba, ki ce shi ya kai shi bakin mota."