Zaren da Ya Iso a Makare

Maigidana, Allah ya jiƙansa, masunci ne tun muna Sudan, kuma bai taɓa jefa birgin kamun kifin da wani ya saƙa ba. Da yaƙi ya koro mu Alƙahira, muka sauka a unguwar Ard al-Liwa, sai ya kama saƙar sabon birgi, wai da shi zai gaisa da kogin garin.

Saura kaɗan ya gama, zare ya ƙare. Muka tafi shagon wani Bamisre mai kayan kamun kifi. Ashe idan sanyi ya shigo ba ya saro zare, sai ƙananan ƙugiyoyi kawai yake jerawa.

"Ma'alish, yi haƙuri, Alhaji," in ji shi. "Sai zafi ya dawo."

Maigida ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Tari ya kwantar da shi, muka binne shi sanyin bai wuce ba.

Da zafi ya kama, mai shagon ya tare ni a hanya, ya miƙo mini ƙullin zare yana tambayar Alhaji. Na karɓa, na yi godiya. Bakina ya kasa faɗa masa.