Ranar da Torika Ta Karanta Sunan Kawunta

Torika ta sauka a gidana a Lautoka tana da shekara goma sha tara, da akwati ɗaya da buhun gwaza. 'Yar tsibirin Kadavu ce, ubanta masunci, hukuma ke biya mata karatun malanta. Ni kuwa tun rasuwar maigidana nake sharar ofisoshin kwalejin, sai na ba ta hayar ɗakin baya. Yarinya ce da bakinta bai iya a'a ba. Ko kyanwar maƙwabta ta yi kuka sai ta raba kifinta biyu.

A shekararta ta biyu ɗalibai suka ba ta ajiyar kuɗin jaridarsu. Jaridar falle huɗu ce, takan yi wata biyu ba ta fito ba. Duk arzikinta a gwangwanin biskit yake: karo-karon ɗalibai da ɗan tallan wani mai gyaran takalma.

Wata Talata na tarar da ita a bakin famfo tana ta wanke kofi ɗaya.

"Goggo, ranar Juma'a za mu karanta lissafi a gaban kowa. Dala ɗari huɗu da ashirin ba su da rasit. In babu bayani za a rufe jaridar, a rubuta wa masu biya mini karatu."

Irin wannan wasiƙa ɗaya ta isa a mayar da yarinya tsibiri da akwatinta.

Na zaunar da ita, ta yi mini bayani. Ba a shiga ƙauye neman labari hannu sake. Sai an ajiye ƙullin saiwar yangona, wadda ake jiƙawa a sha a taron gargajiya, a gaban dagaci, ya karɓa, sannan bakin mutane ya buɗe. Ƙauye tara suka je, kowane ƙulli dala arba'in. Matan kasuwa ba su san rasit ba, ita kuma ta ji nauyin rubuta farashin gaisuwa a littafi, kamar ta yi wa dattawa kuɗi.

Ban yi nisa a boko ba, amma na ƙirga da yatsu. "Saura sittin, 'yar nan."

Ta sunkuyar da kai. Ashe kawunta Semesa ne ya zo, ya zauna a ƙasa, ya tafa hannu, ya roƙi kuɗin jirgin ruwa zuwa jana'iza. Roƙon dangi ba a mayar da shi. Ba ta da ko sisi nata, sai ta buɗe gwangwanin.

Kashegari Peniasi, editan jaridar, ya zo har tsakar gida.

"Goggo, ki yi wa waliyyiyar nan taki magana. A ce yangona ta yi tsada bana, a ɗora kaɗan-kaɗan a kan kowane ƙulli. Wa zai je kasuwa ya tambaya?"

"Matan kasuwa suna da 'ya'ya a kwalejin nan," in ji Torika.

"To, Malama mai gaskiya. In kin nutse, da mu za ki nutse."

Allah ya gafarta mini, saura kaɗan in ce ta bi shawararsa. Kwana biyu ba ta taɓa rogon da na dafa ba, ni ma tsintsiya sai suɓucewa take daga hannuna. Ranar Alhamis na ce mata abu ɗaya kawai na sani: a cocinmu kowace Lahadi ana karanta kuɗin baikon da kowa ya bayar da ƙarfi, suna da adadi, har na mai senti hamsin. Ba a tsallake kowa.

Ranar Juma'a na raɓe a bayan zauren da bokitina. Malam Narayan, akawun kuɗin kwaleji, yana gaba da biro. Torika ta miƙe, da takardar lissafin a hannunta, ta fara kiran ƙauyuka. Da ta kira na farko sai wani ɗalibi ya tashi ya ce, "Kakana ne ya karɓa, ina wurin." Haka aka yi ta tashi har ƙauye bakwai. Biyu ba a sami mai shaida ba, Malam Narayan ya ce zai aika a tambaya.

Sai ta zo layin ƙarshe.

"Semesa, ƙanin mahaifiyata, dala sittin. Ba aikin jarida ba ne. Ni na ba shi."

Wani daga baya ya ce, "Wa ba shi da kawu a nan?" Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan take, don Malam Narayan bai ɗago ba. Ya daɗe yana rubutu. Da ya gama ya ce a karɓe gwangwanin daga hannunta, ta biya cikin wata guda. Wasiƙa kuwa ba za a aika ba.

Tabarma uku muka saƙa ni da ita muka sayar. Jaridar ta ci gaba da ɗingishinta, amma daga ranar shafin ƙarshe na lissafi ne, har da kuɗin yangona.

Labari ya riga ta isa Kadavu. Kawu Semesa bai zo bikin gama karatunta ba, kuma shekara takwas ke nan tana koyarwa a ƙauyensu, in sun haɗu a hanya sai ya juya yana kallon teku.