Keren Baba

Babanmu bai iso Makka da komai ba sai kere. Icce ne mai lanƙwasa a kai, irin wanda mafarauta ke jifa da shi, hannu ya goge shi har yana sheƙi. Da shi ya ratso Cadi da Sudan a ƙasa. Ya sayar da riga, ya sayar da buta a hanya, amma kere yana nan. A ɗakinmu na unguwar Misfala jikin ƙusa yake rataye, ni kuwa tun ina ƙarami nawa nake ɗaukarsa. Ni kaɗai ne namiji a gidan, wa zai gada in ba ni ba?

Sai ga ɗan ƙanen Baba ya iso daga gida, wajen tsakiyar shekarun sittin, lokacin da ake ta aikin faɗaɗa Harami. Sa'ana ne, dogo, ƙafa duk faso. Ya zo Hajji ya zaune mana. Ban ƙi shi ranar farko ba, sai da na ji dariyar Baba. Shekara da shekaru ina tsaye gefensa a teburin tsire a titin Mansur ina yanka albasa, ban taɓa jin irinta ba. Ni rabona "miƙo yaji" da "yalla, yi sauri". Shi kuwa da ya ambaci wata fadama ko wani tsohon karen farauta, sai Baba ya ajiye wuƙa, nama na ƙonewa ba ruwansa. Hausata ma ta zama abin tsokana, wai ina magana kamar mai tauna dabino. Kishi na yi, mai zafi kuwa, ban ga abin ɓoyewa ba.

Wata safiya cikin sanyi aka tashi da ruwa. Misfala a gangare take, duk abin da ya sauka kan duwatsu kanmu yake biyowa. Maƙwabta na naɗe tabarmi suna ɗora buhuna kan gado, Baba kuwa ya tsaya bakin ƙofa yana shaƙar iska.

"Yau ranar makwarwa ce," in ji shi.

"Wallahi Baffa," in ji ɗan'uwan nawa, "fiffike ya jiƙe, ba ta tashi da nisa."

Ni ban san makwarwa ba sai a bakin Baba, hajal na ji Larabawa na ce mata. Amma na riga su sa takalmi.

Duk mazaunin Makka ya san ba a farauta cikin haddin Harami. Ko tattabara ba a firgitawa. Sai an fita bayan alamomi, don haka muka bi motar wani maƙwabci mai zuwa ɗauko tumaki ta hanyar Yaman, ya sauke mu gaba da fararen ginshiƙan bakin titi. Da muka fara hawa, gwiwa ta dami Baba. Ya dubi keren da ke hannunsa, ya miƙa wa ɗan'uwana. "Riƙe mini." Ina tsaye kusa da shi fa, kafaɗa na gogar kafaɗa.

Yayyafi bai tsaya ba. Duwatsun sun yi santsi, na zame na zauna daɓas cikin laka, ba wanda ya waiwayo. Ɗan'uwana yana gaba ba takalmi, yana duban ƙasa, yana nuna wa Baba sawu, su biyu suna raɗa kamar masu shirya sata. Can sai garken makwarwa ya tashi da ƙara daga gindin ƙaya. Ya yi jifa bai samu ba, na ji sanyi a raina. Amma ya ware ɗaya ya bi ta. Ta tashi ta sauka, ta tashi ta sauka, kowane tashi ya fi na baya gajarta, muna biye muna haki, har muka haye wani tudu muka gangara. A ƙarƙashin wata ƙaya ya danne ta da hannu, lafiyarta lau, sharkaf da ruwa.

Baba ya karɓe ta. Ya taɓa ƙirjinta da babban yatsa, ya ce rabonsa da wannan tun yana saurayi. Ya zaro wuƙa yana neman alƙibla.

A nan na hango tsibin duwatsu masu tsohuwar farar ƙasa a kan tudun da muka baro. Haddi ba miƙewa yake da titi ba, kan duwatsu yake bi yana karkacewa. Wanda ya zo jiya ba zai sani ba.

"Baba, mun dawo ciki. Ga alama can bayanmu."

Da daɗi na faɗa, kuma gaskiya na faɗa.

"Ai daga waje muka taso ta, Baffa," in ji ɗan'uwana, murya ƙasa-ƙasa.

Baba ya daɗe yana kallon tsibin. "Inda ta faɗa ake dubawa. Ta shiga amanar Allah." Ya mayar da wuƙa, ya sunkuya ya buɗe hannu. Ba ta ma tashi ba, da gudu ta shige duwatsu.

Muka juya, ɗan'uwana kai a ƙasa. Na ce yau dai an san wanda ya san gari. Kusa da titi na miƙa masa hannu.

"Kawo keren."

"Bar masa," in ji Baba. Ya dafa kaina, abin da bai saba ba. "Allah ya yi maka albarka, ka tsare ni daga laifi. Kai ɗan Makka ne, ka san ƙasarka. Me za ka yi da kere a garin da ba a jifa? Shi zai koma gida."

Bayan Hajjin shekarar ɗan'uwana ya koma gida, kere cikin ƙunshin tabarmarsa. Baba ya mayar da ƙusar wurin rataya carbi, carbin kuwa ni na gada.